YARO DA TUKUNYAR GIDANSU: DARASI A KAN ABINCIN TARA

Na rubuta wannan takarda ne domin ƙannena ɗaliban kwalejin nan waɗanda za su fita gwajin koyarwa, tun ba waɗanda za a aika makarantun firamare na Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su ba. Cikin darussan da za a ɗora muku akwai na Kiwon Lafiya, cikinsa kuwa akwai babin abinci. Yawancinmu mu kan raina babin nan, mu rubuta 'yan layuka a allo, yara su kwafa, a buga ƙararrawa, shi ke nan. Ni ma haka na yi da fari. Amma daga baya na gane babu darasin da ke bin yaro har gida kamar wannan. Lissafi ya kan tsaya cikin littafi, Turanci ya kan tsaya bakin ƙofar aji, amma maganar abinci sai ta kai gindin murhu. Saboda haka ya kamata malami ya san irin saƙon da ya ke aikawa gidajen mutane.

KUSKUREN DA NA YI

Shekarar da na fara koyarwa, an ba ni aji uku a wata makaranta cikin garin Nguru. Ran da muka zo babin abinci, sai na buɗe littafi, na kwafe abin da ke ciki a allo, wai yaro ya riƙa cin nama, da ƙwai, da madara, da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Da na gama, sai na ce kowa ya fito da abin da ya zo da shi na tara ya ajiye bisa tebur. Waɗansu suka fito da biskit, waɗansu alewa, waɗansu kuɗi kawai, waɗansu ba kome. Wani yaro, ɗan masunci, ya fito da ɗan kwano ɗaure cikin tsumma, ɗumamen tuwon gero ne da miyar kuka. Na ɗaga kwanon nan sama don kowa ya gani, na ce, "Kun ga irin wannan? Cika ciki kawai ya ke yi, ba ya gina jiki." Aji ya fashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ci gaba da darasi, ina ganin na yi koyarwa.

Kashegari bai zo da kwano ba. Da aka tashi tara na hange shi zaune gindin darbejiya shi kaɗai, ban kuwa kula ba. Ran kwana na huɗu sai ga ubansa ya yi sallama a ƙofar aji. Muka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, yau kwana uku ke nan yaron nan ya ƙi ɗaukar abincin uwarsa, ya ce kai ka ce ba abinci ba ne. Uwar har kuka ta yi. Ni dai abin da Allah ya hore mini ke nan. In akwai wanda ya fi shi a wurinka, sai ka riƙa ba shi." Na rasa ta cewa. Na ba shi haƙuri, na tambaye shi abin da a ke sa wa miyar. Ya ce kuka, da daddawa, da busasshen kifi da a ke dakawa a zuba, don kifi ba ya yankewa a gidansa. Watau kwanon da na wulakanta ya fi duk abin da ke bisa teburan ajin nan amfani, har da burodin da ke cikin jakata.

Abu biyu na koya ran nan. Na ɗaya, maganar malami ba ta kwana a makaranta, yaro ya kan kai ta gida da ɗuminta, ya kuwa tsaya a kanta fiye da yadda malamin ke zato. Na biyu, maganar da ta iya hana yaro cin abincin uwarsa kwana uku, in an gyara ta, lalle tana iya sa a ƙara wani abu mai amfani cikin tukunya. Tun daga nan na sake hanya.

HANYOYI UKU DA YARO KE SHIGA TUKUNYA

A ƙasarmu yaro ba mai cin abinci kaɗai ba ne, yana da hannu cikin sha'anin abincin gidansu ta hanya uku.

Ta fari ita ce kuɗin tara. In an tashi hutun safe, ku leƙa bakin ƙofar makaranta ku ga 'yar kasuwar da ke ci. Ga awara, ga ƙosai, ga dafaffiyar gyaɗa, ga rogo da ƙuli-ƙuli, ga ɗanwake. A gefe guda kuma ga alewa, da biskit, da cingam, da lemon leda. Ba uwa a wurin, ba uba, yaro shi ke zaɓar wa kansa. Masu tallan nan kuwa yawanci 'yan matan unguwa ne da iyayensu mata suka aiko. Abin da ya kwana bisa faranti ba a saya ba, gobe ba za a sake kawo shi ba. Abin da ya ƙare da wuri, gobe sai a ninka shi.

Ta biyu ita ce cefane. Matan aure da yawa ba su zuwa kasuwa, yaro a ke aika. Shi ke sayo tattasai, da albasa, da magi, da mai, sau da yawa ya fi ubansa sanin farashinsu. In ya dawo ya ce, "Inna, na ga zogale da araha yau," an kan ji maganarsa.

Ta uku ita ce raino. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara, da ta komo daga makaranta za a goya mata ƙanenta, ita ke ba shi kunu, ita ke wanke masa hannu. To, ɗan yaron nan da ke tsakanin wata 6 da shekara 2, shi ya fi kowa zama cikin haɗarin tamowa, ga shi kuwa ba zai taɓa jin muryar malami ba. Ba mu da hanyar kai wa gare shi sai ta hannun yayarsa da ke zaune gabanmu cikin aji.

BA A NAN KAƊAI BA

Kada ku ɗauka wannan tunanina ne ni kaɗai. Akwai wani likitan yara mutumin Ingila, Dokta David Morley, wanda ya zo Nijeriya cikin 1956, ya yi 'yan shekaru yana aiki a Imesi-Ile, kusa da Ilesha. A can ne ya shirya katin awon nauyin jarirai, wanda irinsa a ke ba mata a asibiti. Cikin 1978, shi da wani masanin koyarwa mai suna Hugh Hawes suka kafa wani shiri a Jami'ar Landan, wanda za mu iya kira da Hausa "Daga Yaro Zuwa Yaro". An shirya shi ne don shekarar 1979, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ta zama Shekarar Yara. Tushen shirin shi ne a koya wa ɗan makaranta abin da zai amfani ƙannensa da gidansu, ya tafi ya aikata, ya dawo ya ba da labari. Shirin ya bazu ƙasashe masu yawa.

An kuma gwada abin da awo a ƙasar Sin. Cikin 2013 masu bincike suka ɗauki makarantun firamare 28 a birnin Changzhi, suka raba su biyu. A rabi aka koya wa yara 'yan wajen shekara goma illar yawan gishiri har tsawon zangon karatu guda, aka ce su kai maganar gida. A ɗaya rabin ba a yi kome ba. Sa'an nan aka auna gishirin da ke cikin fitsarin yaran da na manyan gidansu. Da aka bayyana sakamakon cikin 2015, sai aka ga gishirin da yaran rabin farko ke ci ya ragu da giram 1.9 a rana in an gwada da ɗaya rabin, na manyan gidansu kuwa ya ragu da giram 2.9. Ku lura, manyan da ba su taka ajin ba, su suka fi ragewa.

DALILIN DA YA SA ABIN YA DAME MU

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a yawancin jihohin arewa kuwa abin ya fi haka. Yaron da ya tsumbure tun yana ƙarami, ya kan zo makaranta da rauni, ya riƙa gyangyaɗi, karatu ya yi masa wuya, mu kuwa mu ce daƙiƙi ne.

Gwamnati ta gwada ciyad da 'yan makaranta. Cikin 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci sau ɗaya a rana, a kan naira 70 kowane yaro. A watan Janairu na 2024 aka dakatad da shi tare da waɗansu shirye-shiryen tallafi. Abin lura a nan shi ne, shirin gwamnati ya kan zo, ya kan tsaya, amma kwanon da uwa ke ɗaure wa ɗanta da kuɗin tara da uba ke ba shi, su ne a kullum.

Ƙasarmu kuwa ba ƙasar rashi ba ce. Ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are su ke malala cikin fadamunmu kafin su haɗu wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Muna da kifi, da shinkafa, da gero, da wake, da kayan lambun rani, da nonon Fulani. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru wajen 1930, garin ya yi suna wajen aika nama da gyaɗa da fatu zuwa wasu wurare. Abin kunya ne a ce garin da ke ciyad da na nesa, 'ya'yansa su yi tara da alewa.

DUWATSUN MURHU UKU

Kafin malami ya koyar, sai ya sani. Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayyana wa yara ita ce ta murhu. Kowane yaro ya san tukunya ba ta zama bisa dutse ɗaya ko biyu, sai uku. Haka jikin mutum ya ke, bisa abinci iri uku ya ke zaune.

Dutse na ɗaya, abinci mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo, dankali, da mai.

Dutse na biyu, abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, kifi ɗanye ko busasshe, fara, nono, ƙwai, da nama.

Dutse na uku, abinci mai tsare jiki daga cuta: zogale, rama, yakuwa, tafasa, karkashi, kuka, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, gwanda, kankana, lemo, goruba, magarya, da garin 'ya'yan kuka.

Aibin abincinmu ba wai na mugunta ba ne, na rashin daidaito ne. Dutsen fari ƙato ne, sauran biyun 'yan tsakuwa. Amma kakanninmu sun riga mu sanin haɗi: shinkafa da wake, fura da nono, kunun gyaɗa, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. In an haɗa hatsi da wake, kowanne ya kan cika abin da ɗan'uwansa ya gaza wajen gina jiki. Ƙananan kifaye da a ke ci har ƙashi suna ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ganye mai duhun kore, da manja, da karas, da kabewa, da mangwaro suna ɗauke da abin da ke tsare ido daga dundumi. Abu mai tsami kamar lemo ko garin 'ya'yan kuka yana taimakon jiki ya ɗebi abin da ke ƙara jini daga cikin wake da ganye, shayi kuwa in an sha shi tare da abinci ya kan rage wannan.

Akwai kuma waɗansu 'yan abubuwa da ya kamata malami ya riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda, magi kuwa yawancinsa gishiri ne. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin, don shi ke tsare mutum daga maƙoƙo. Yawan kanwa cikin girki ya kan kashe waɗansu bitamin. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga hanta, a zubad da ita. Alewa da lemon leda sukari ne da kala, su kashe wa yaro yunwa na ɗan lokaci, su ɓata masa haƙori. Sa'an nan ga zafin ƙasarmu: da bazara dafaffen abinci ba ya jimawa ya ke lalacewa, saboda haka ɗumame ya ɗumamu ƙwarai, a rufe kwano saboda ƙuda, a cinye da tara kada a bar shi sai an tashi, a kuma wanke hannu da sabulu tukuna.

SHIRIN DARASI

Ga yadda na kan shirya darasin fari. Kowa ya gyara shi gwargwadon ajinsa.

Aji: uku ko huɗu. Lokaci: minti 35.

Manufa: kafin a tashi, kowane yaro ya iya raba abincin garinsu kashi uku, ya kuma faɗi abu guda da zai ƙara wa abincin tararsa.

Kayan aiki: duwatsu uku, da 'yar tukunya, da faifai uku, da ɗan samfurin abinci kamar gero, wake, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, zogale, goruba. Malami ne zai kawo su, ba yara ba.

Mataki na 1. Ɗora tukunya bisa duwatsu uku. Kira yaro guda ya zare dutse ɗaya, aji su ga abin da zai faru. Kada ka yi bayani tukuna, bar su su faɗa da bakinsu.

Mataki na 2. Ba kowane dutse sunansa: Ƙarfi, Gini, Tsaro. Ajiye faifai gaban kowanne.

Mataki na 3. Yara su fito ɗaya ɗaya, kowa ya ɗauki abu guda ya sa bisa faifan da ya dace. In ya yi kuskure, 'yan'uwansa su gyara masa.

Mataki na 4. Faɗi wani abinci, aji su ƙidaya duwatsunsa. Biskit da lemon leda, dutse nawa? Gayan tuwo fa? Ɗumame da miyar kuka mai kifi fa? A nan ne ɗan talaka zai ji ashe kwanonsa duwatsu uku gare shi.

Mataki na 5. Rubuta farashin kayan bakin ƙofa a allo kamar yadda ya ke ran nan. Tambaye su, da kuɗin tara kaza, wa zai iya sayen duwatsu uku? Wannan lissafi ne, su kuwa wasa su ke ganinsa.

Aikin gida: kowa ya tambayi kakarsa ko wata tsohuwa a gidansu sunan ganye uku da a ke ci sa'ad da ta ke yarinya, da yadda a ke dafa su.

Aikin gidan nan da gangan na sa shi fari. Yaron da ya fara shiga gida da tambaya, ba da gyara ba, ya riga ya sami tsohuwa a bayansa. Mako na gaba za ku sha mamakin sunayen da za su kawo muku, waɗansu da Hausa, waɗansu da Manganci, ko Badanci, ko Fulatanci. Ku rubuta su duka a allo.

YADDA A KE AIKA SAƘO GIDA

Nan ne wurin da na faɗi da fari, don haka ku saurara da kyau.

1. Saƙo guda a mako ya isa. Yaro ba ya riƙe biyar, uwa kuma ba ta karɓar biyar.

2. Saƙon ya zama na ƙari, ba na hani ba. "A ƙara garin ƙuli-ƙuli cikin kunun ƙanena" ya fi "a daina ba shi gayan kunu" shiga kunne.

3. Ya zama abin da ke akwai cikin gari a lokacin, mai araha ko na kyauta. Da damina a yi maganar tafasa da rama, da kaka a yi ta wake da gyaɗa, da rani a yi ta tumatir da karas da kankana, da bazara a yi ta mangwaro.

4. A koya wa yaro yadda zai faɗa. Ba zai ce, "Malam ya ce abincinki ba kyau" ba. Sai ya ce, "Inna, don Allah in za a aike ni cefane, in sayo zogale?" Ku sa su gwada cikin aji, wannan ya zama uwa, wancan ya zama ɗa.

5. Kafin a fara, a gaya wa hedimasta, a kuma faɗa a taron iyaye da malamai. Maigida shi ke ba da kuɗin cefane, bai kamata ya fara jin labari daga bakin ɗan shekara tara ba.

6. Kada a taɓa buɗe kwanon yaro gaban jama'a, kada a yi gasar wanda ya fi kyawun abinci, kada a tambayi wanda bai zo da kome ba dalili. In za a ƙidaya duwatsu, kowa ya ƙidaya nasa cikin ransa.

7. Malami ya dubi nasa hannun. Wanda ke shan lemon kwalba gaban aji ba shi da bakin hana lemon leda.

Za ku gamu da waɗansu al'adu, kamar faɗar da a ke yi wai in an saba wa yaro da ƙwai zai yi sata. Kada ku tura yaro ya yi gardama da kakarsa a kan wannan. Magana ce ta manya, a taron iyaye a ke yin ta, da lalama. Kafin a shawo kanta kuwa, ga wake, ga gyaɗa, ga kifi, duk suna aikin da ƙwai ke yi.

ABIN DA NA GANI

Ban auna kome da sikeli ba, abin da ido ya gani kawai zan faɗa. Bayan 'yan makonni na fara jin yara a bakin ƙofa suna tsokanar juna, "Kai dutse ɗaya ka saya!" Wata mai tallan alewa ta fara haɗawa da dafaffiyar gyaɗa, daga baya sai ga ta da kwaɗon zogale, ta ce uwarta ce ta ce shi yara ke tambaya. Wata yarinya ta gaya mini yanzu ita ke daka ƙuli-ƙulin da a ke zuba wa kunun ƙanwarta. Wata uwa ta aiko da saƙo, wai a gaya wa Malam ɗanta ya hana ta sakat, kome ta dafa sai ya ƙidaya masa duwatsu. Amma tare da saƙon ta aiko mini da dambu cikin kwano, na kuwa gane ba fushi ba ne. Ɗan masuncin nan kuma, ran da muka yi darasin kifi shi ya tsaya gaban allo, ya nuna mana tarwaɗa da karfasa, ya bayyana yadda a ke banda. Ran nan shi ne malami.

Amma kada in ruɗe ku. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sai kwanonin suka ragu, masu zama gindin darbejiya suka ƙaru. Darasi ba ya cika rumbu. Yaro yana iya sa a sake yadda a ke kashe abin da ke akwai, ba ya iya samo abin da babu, bai kuwa kamata a ɗora masa wannan kaya ba. In kun ga yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko wata ta ce haka ƙanenta ya ke, to, abin ya wuce allo. Ku gaya wa hedimasta, a sami iyaye a asirce, a kai shi asibiti. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tef da su ke auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5. In bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani, ana kuwa warkad da ita in an je da wuri.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Rubuta abinci goma da a ke sayarwa a bakin makarantar da aka tura ka, ka raba su bisa duwatsu uku.
2. Shirya abincin tara na kwana biyar wanda ɗan manomi zai iya samu da damina.
3. Wane saƙo guda za ka fara aikawa gida, da waɗanne kalmomi yaro zai faɗe shi?
4. In uba ya zo maka da ƙara irin wadda aka kawo mini, me za ka ce masa?

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, in kun shiga aji kun ga yara arba'in ko sittin zaune gabanku, ku tuna bayan kowane ɗaya akwai murhu, akwai uwa, akwai ƙane a goye. Abin da kuka faɗa da safe, kafin magariba ya shiga gidajen nan duka. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da gaggawa ya kan karya. Ku fara da girmama kwanon da yaro ya zo da shi, sa'an nan ku nemi abu guda da za a ƙara masa. In kun dawo daga gwajin koyarwa, ku rubuto wa mujallar nan abin da kuka gani, mu ƙaru da juna.